Yadda Ake Gano Matsalar Motar da Ke Mutuwa Bayan An Jona Mata Batir

Da safe ka murɗa makulli, mota ta yi ƙas-ƙas-ƙas ta yi shiru. Maƙwabci ya matso da tasa motar, aka buɗe bonet, aka jona wayoyi, taka ta tashi sumul. Kana cikin yi masa godiya ya zare wayoyin, sai inji ya yi tari ya mutu. Ko kuma ta daure har ka hau titi, ka kai shataletale, a nan ta tsaya cak, na baya suna ta danna maka hon. Duk wanda ya leƙo, maganarsa ɗaya ce: "Alhaji, batir ne, a canja shi kawai."

Na taɓa bin wannan shawara da wata Corolla da nake hawa. Na sayi sabon batir, kwana uku ina ta harkokina a cikin gari lafiya lau. A rana ta huɗu na taso daga Zariya bayan magariba da iyali a mota. Tun kafin mu yi nisa na ga hasken fitila ya soma komawa ja-ja kamar na aci-bal-bal. Rediyo ya ɗauke da kansa, fitilun gargaɗi suka riƙa kamawa ɗaya bayan ɗaya, kafin Kwanar Ɗangora inji ya mutu. Washegari mai wayarin ya kwance altaneto, wato na'urar da ke yi wa batir caji, ya zaro kabon guda biyu daga cikinsa ya ɗora mini a tafin hannu. Sun cinye har sun koma kamar ƙwayar wake. Ya ce, "Oga, ai tsohon batir ɗinka ba shi da laifi, wannan ne ba ya ba shi abinci." An bar jaki ana dukan taiki ke nan, kuma kuɗin batir sun riga sun tafi.

Tun daga ranar nake gaya wa duk wanda ya tambaye ni: kada ka sayi komai sai ka auna. Awon ba ya wuce minti 15, kuma ƙaramar mitar wuta irin ta masu gyaran rediyo ta isa.

Ka ɗauki batir a matsayin tankin ruwa da ke saman gida, altaneto kuma, wanda wasu ke kira caja, shi ne injin da ke turo ruwa daga rijiyar burtsatse. Aikin batir shi ne ya juya kik inji ya tashi. Da zarar inji ya kama, altaneto ne ke ɗauke da komai: famfon mai, koyil da fulogai, ƙwaƙwalwar mota da makanikai ke kira birenbos, fitilu, fanka, har ya mayar wa batir abin da aka ɗiba. Saboda haka motar da ta tashi sannan ta mutu tana nuna cewa ko dai ba a turo wuta, ko ana turowa ba ta isowa, ko kuma tankin ya huje har yana shanye abin da ake turowa.

Da farko, ka tuna yaushe ta mutu

Lokacin da mota ta mutu rabin amsa ne. Idan ana zare wayoyi ta mutu nan take, to motar maƙwabci ce ke riƙe da ita tun farko. Zargi na farko altaneto ne ko hanyar da wutarsa ke bi, na biyu kan batir da ya saki, na uku batir da ɗaya daga cikin ɗakunansa ya haɗe. Idan ta yi minti 5 zuwa 20 tana aiki, fitilu na dusashewa, wayifa na jan jiki, sannan ta mutu, kusan babu tantama caji ne babu, ɗan abin da batir ya samu wajen jonawa ne ta cinye. Idan kuwa tana gudu lafiya, sai ka ɗaga ƙafa daga totur a danja take mutuwa, kuma kana murɗa makulli ta sake tashi da ƙarfinta, wannan maganar silo ce, wato aikin inji lokacin da ba a taka totur ba, za mu zo kanta. Wadda kuma ta wuni lafiya ta kwana ta ƙi tashi, ko batir ya daina riƙe caji, ko akwai abin da ke satar wuta da dare.

A sake jonawa, amma a jona daidai

Yawancinmu gaggawa muke yi. A maƙala wayoyi, a yi kik, a zare. Batir da ya sauka ƙasa warwas ba ya samun komai a cikin daƙiƙa 30.

Motocin biyu su kasance a kashe, jikinsu bai taɓa juna ba. Jar waya ta fara kama turken da ke da alamar + a batir ɗin da ya mutu, ɗaya bakin nata ya kama + na mai lafiya. Baƙar waya ta kama turken − na mai lafiya, ɗaya bakin nata kuma a maƙala shi a jikin inji na motar da ta mutu, wurin ƙarfe tsirara mara fenti, nesa da batir da bututun mai. Dalilin nisan shi ne batir na fitar da iskar haidurojin, kuma haɗawar ƙarshe ce ke yin tartsatsi. Ka duba alamar + da − da idonka a jikin batir, kada ka dogara da launin waya, domin motoci da yawa an canja musu wayoyi da duk launin da aka samu. Juya wayoyi na daƙiƙa ɗaya ya isa ya ƙona babban fiyus da dayod ɗin altaneto, wato abin da ke hana wuta komawa baya.

A tayar da mai lafiyar, a bar ta tana aiki minti 10 kafin ka taɓa makullinka. Bayan taka ta tashi, a ƙara barin wayoyin wasu mintuna, ka kunna fankar ciki kafin a zare, sannan a cire su daga ta ƙarshe zuwa ta farko. In ka ga batir ya kumbura, ya tsage, yana yoyo, ko yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, kada a jona shi sam.

Kan batir: abu mafi sauƙi da aka fi tsallakewa

Kashe mota, kama kowane kan batir da hannu ka gwada juya shi. Bai kamata ya motsa ba ko kaɗan. Sau da yawa za ka tarar an cusa ƙusa ko guntun gwangwani ko 'yar waya don ya kama, ko kuma farin gari da kore-kore sun lulluɓe shi. A irin wannan yanayi wayar jonawa na kama kan ta waje, mota ta tashi, amma tsakanin kan da turken darma babu haɗi na kirki. Ana zarewa komai ya ɗauke.

Kwance baƙin kai, wato na −, tukuna, sannan jan kai, na +. Dama garin bekin soda cokali ɗaya a kofin ruwa, ka wanke garin da tsohon buroshin haƙori, ka kula kada ruwan ya shiga cikin batir, kuma ka kiyaye idonka. Goge turken da cikin kan da samfefa har su yi ƙyalli. Mayar da ja, sannan baƙi, ka ɗaure sosai, ka shafa ɗan giris ta waje. Kan da ya buɗe baki ya ƙi matsewa, a canja shi, ba shi da tsada.

Daga nan ka bi baƙar waya, wadda ake kira wayar at, har inda aka ɗaure ta a jikin mota, da wadda ta haɗa inji da jikin mota. Bayan an sauke inji ko giyabos, ba sabon abu ba ne a manta da ita ko a bar notinta a sake. Gwaji mai sauƙi: ɗauki wayar jonawa guda ɗaya ka haɗa − na batir ɗinka da jikin injinka. In matsalar ta ɓace, wayar at ce.

Awo uku da mita

Juya mita zuwa inda aka rubuta V mai miƙaƙƙen layi a kai, lamba 20. Jan tsinke a kan +, baƙi a kan −, kuma ka ɗora su a kan turken darma kansa.

Awo na farko, mota a kashe, an fi so ta huta awa ɗaya ko fiye. Cikakken batir yana nuna bolt 12.6. In ka ga 12.4, saura kashi uku cikin huɗu. 12.2 rabi ne, 12.0 kuma ya kusa ƙarewa. Lambar da za ka riƙe ita ce 10.5. Batir ɗin mota ɗakuna 6 gare shi, kowanne na ba da kimanin bolt 2.1. In an yi masa caji sosai amma ya dawo ya tsaya wajen 10.5, ɗaki ɗaya ya haɗe, kuma babu cajin da zai tashe shi. Irin wannan batir na iya danne wutar altaneto mai lafiya.

Awo na biyu, lokacin kik. Wannan sai batir yana da caji. Wani ya murɗa makulli kai kana kallon mita. Za ta sauka, amma kada ta gangara ƙasa da 9.6. In ta faɗi zuwa 8 ko 7 alhali ɗazu tana nuna 12.6, batir ya tsufa, lamba ce kawai ta rage masa babu ƙarfi.

Awo na uku shi ne ke raba gardama. Mota tana aiki, an cire wayoyin jonawa, mita ta nuna tsakanin 13.5 da 14.7. Taka totur allurar juyin inji ta kai 2,000, kunna manyan fitilu da fanka da AC, ka sake dubawa. Ya kamata ta tsaya sama da 13. In ka ga 12 da 'yan kai kuma tana sauka a hankali, 12.1, 11.9, 11.6, babu caji. In mota ba ta ba ka lokacin aunawa, auna tun wayoyin na jone, ka sa a kashe motar maƙwabci, ka ga ko lambar za ta tsaya sama da 13 ko za ta faɗo zuwa 12. In kuma ta haura 15, katawut ne, wato abin da ke daidaita wutar altaneto, ya lalace, yana dafa batir yana ƙona ƙwayayen fitila. Kada ka yi doguwar tafiya a haka.

Masu Honda su lura da abu guda: da yawa daga cikinsu, da wasu sababbin motoci, suna rage caji da gangan idan babu nauyi, mita ta nuna 12.5 ko kusa da haka. Kunna manyan fitilu, in ta hau 14 lafiya take.

Abin da nake roƙon ka bari

Akwai gwajin da ya zama ruwan dare a garejinmu: a cire kan batir mota na aiki, wai in ta mutu altaneto ne, in ta ci gaba lafiyarsa ƙalau. Ɗan'uwansa kuma shi ne a tayar da mota da batir ɗin aro, a cire shi tana aiki, a mayar da naka. A zamanin Fijo 504 da kafireto an sha yin haka an tsira, domin babu abin da zai ƙone sosai. Motar yau ba haka take ba. Batir ne ke shanye hauhawar wutar altaneto. Da ka cire shi, wutar na iya zabura ta ninka sau da yawa cikin ƙiftawar ido, ta bi ta birenbos, allon mita, rediyo da dayod. Ɓarnar ma ba lallai ta bayyana a ranar ba. Kuma gwajin kansa ba ya faɗin gaskiya: altaneto mai rauni na iya riƙe inji a silo ya kasa ɗaukar fitila da AC. In yaron gareji ya ɗauko sifana zai yi maka haka, ka ce masa, "Ɗan'uwa, dakata, kawo mita." Mai wayarin da ya san aikinsa ba zai ji haushi ba.

Mita ta ce babu caji: kada ka yi saurin kwance altaneto

Ka fara da fitilar batir da ke allon mita. Murɗa makulli ba tare da kik ba. Dole jar alamar batir ta kama, sannan ta mutu bayan inji ya tashi. In ba ta kama ba sam, ko ƙwanta ya ƙone, ko wani ya cire shi don ya ɓoye matsala kafin ya sayar da motar, ko soket ɗin altaneto ya saki, ko kabon ya ƙare. A tsofaffin motoci irin su Golf 2 da Golf 3, ta cikin wannan 'yar fitilar ce wutar da ke farkar da altaneto ke bi. In ta ƙone, altaneto na iya ƙin fara caji sai an taka totur da ƙarfi.

Sai bel. Mota a kashe, danna shi da babban yatsa a tsakiyar doguwar tazara. In ya lotsa fiye da santimita ɗaya, ko ya yi santsi yana ƙyalli, ko ya tsattsage, ko baƙin mai ya jiƙa shi, to zamewa yake yi. Ƙarar kiii da safe ko lokacin kunna AC alamarsa ce. Ka duba abin da ke ɗame shi ma, domin sifirin ɗinsa na saki. In bel ɗin ya tsinke gaba ɗaya, kada ka tuƙa, domin a motoci da yawa shi ne ke juya famfon ruwa, inji zai tafasa cikin mintuna.

Sai babban fiyus. A akwatin fiyus na cikin bonet akwai wanda ke tsakanin altaneto da batir. A Toyota an rubuta masa ALT, yawanci amfiya 100 ko 120, kuma ɗaure yake da noti ta ƙasa, ba a fizge shi da hannu. Shi ne farkon abin dubawa idan an taɓa juya wayoyi wajen jonawa, musamman in ka ga gilasai da wayifa sun daina aiki tare. Ga yadda za ka tabbatar: mota a kashe, ɗora jan tsinke a kan babban notin da ke bayan altaneto, inda ƙatuwar waya ta ɗaure, baƙi a jikin inji. Dole ka ga lamba ɗaya da ta batir. In sifili ka gani, fiyus ko wayar ta yanke. Ka yi hattara, wannan noti kullum da wuta a jikinsa, kada ƙarfe ya haɗa shi da jikin inji. In fiyus ya ƙone a sa irinsa daidai. Naɗa waya a gurbinsa shi ne yadda motoci ke kamawa da wuta.

Sannan ka tayar da mota, ka kunna fitilu, ka sa tsinke ɗaya a kan wannan notin, ɗaya a kan + na batir. Abin da mita ta nuna shi ne wutar da ke ɓacewa a hanya, kada ya wuce 0.5. Yi haka tsakanin jikin altaneto da − na batir, kada ya wuce 0.2. In ya wuce, altaneto na aikinsa, waya ce ko mahaɗa ta ci tsatsa. Ka zare ƙaramin soket ɗinsa ma ka leƙa, mota a kashe, ko ya yi kore ko wata waya ta karye a gindi.

Sai duk waɗannan sun fita lafiya za a ce altaneto ne. Ko a nan ma ba kullum sai an canja shi ɗungurungum ba. Kabon da katawut da dayod da boris duk ana canja su ɗaiɗai. Ni na fi son a gyara na asali da ya zo da motar, in dai koyil ɗinsa bai ƙone ba, a kan a sa sabo mai arha wanda ba a san asalinsa ba. In za ka sayi na Beljiyam a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna ko Apo ta Abuja, tafi da tsohon a hannu a gwada soket da ƙafafu da fuli, a duba adadin amfiya da ke rubuce a jikinsa, kuma ku yi yarjejeniyar mayarwa in bai yi caji ba. Kafin a sa hannu a kwance shi, a cire baƙin kan batir.

Abu guda da ake yawan mantawa: bayan an gyara altaneto, a kai batir caji kafin a ɗora shi. An yi altaneto ne don ya cike gurbin abin da kik ya ɗiba. In ka bar shi da batir da ya sauka ƙasa, zai yi ta aiki iya ƙarfinsa yana zafi, har sabon dayod ya bi sahun tsohon.

Caji lafiya, amma batir ba ya riƙewa

Maganar da ake yi cewa zagaya gari na rabin awa ya isa ya cika batir ba gaskiya ba ce. Batir mai amfiya 62 da ya sauka ƙasa yana buƙatar awa 10 zuwa 12 a kan caji na amfiya 6. Kai shi wurin mai cajin batir ya kwana a kan ƙaramar wuta, a bar shi ya huta wasu awanni, sannan ka maimaita awo na farko da na biyu. In mai murfi ne, a leƙa kowane ɗaki, ruwa ya rufe farantan ciki. Abin da ake ƙarawa shi ne tataccen ruwan batir, ban da na famfo, ban da asid. Ruwa ne ke ƙafewa, asid ɗin yana nan. Juye batir a zuba masa sabon asid na iya ba shi ƙarfin 'yan makonni, amma yana ƙarasa cinye farantan.

Zafi ne babban mai kashe batir a wajenmu. A Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, inda zafin Afrilu ke wuce digiri 40, ga kuma zafin cikin bonet, batir da ya yi shekara biyu zuwa uku ya yi ƙoƙari. Shi ya sa yake yawan tona kansa da sanyin safiyar hunturu: bazara ce ta cinye shi, sanyi ya bayyana. Wajen sayen sabo, ɗauki girman da aka tsara wa motarka, ka duba ɓangaren da + yake don wayoyi su kai, ka nemi ranar da aka ƙera shi, ka sa mita a kansa a gaban mai shago. Wanda ya nuna ƙasa da 12.4 ya daɗe a ajiye. Karɓi takardar garanti, kuma a ɗaure shi da ƙarfensa, domin girgizar hanya na zubar da farantai.

Wuta lafiya, silo ne ba ya tsayawa

Mita na nuna 14, kik na juyawa da ƙarfi, amma kana ɗaga ƙafa ta mutu. Ga abin da ya faru. Shekara da shekaru ƙura da hayaƙin mai suna taruwa a bakin totur, birenbos kuma yana ƙara buɗe shi kaɗan-kaɗan don silo ya daidaita. Da batir ya mutu, a wasu motoci sai ya manta da wannan lissafi, ya koma yana buɗewa kamar totur ɗin sabo ne, iska ta kasa isa.

Cire bututun iska, makulli a kashe, ka fesa maganin wanke totur a tsumma ka goge baƙin da ya daskare a gefen faifan. In totur ɗin na lantarki ne, kada ka tura faifan da ƙarfi. Mayar da komai, tayar da mota, bar ta ta yi zafi, sannan ta yi silo minti 10 komai a kashe, wasu mintuna kuma da AC, sai ka ɗan zagaya. A Honda da yawa ana riƙe allura a 3,000 har fankar lagireto ta kama, sannan a bar ta a silo minti 5 babu nauyi. Nissan kan buƙaci a sa mata kwamfuta. In kuwa tana tashi ta mutu cikin daƙiƙa biyu kuma alamar makulli na ƙyaftawa a allo, kamar yadda Volkswagen ke yi, na'urar tsaro ce ba ta gane makullin ba. Gwada ɗaya makullin kafin ka kira kowa.

Ɓarawon dare

Wannan yana son haƙuri. Kashe komai, zare makulli, rufe ƙofofi. In kana buƙatar ƙofa a buɗe don ka kai ga fiyus na ciki, danna sakatarta da sukundireba mota ta ɗauka a rufe take. Mayar da jan tsinken mita ramin da aka rubuta 10A, ka juya ta zuwa 10A. Cire baƙin kan batir, tsinke ɗaya a kan turke, ɗaya a kan wayar da ka cire. A haka kada ka kuskura ka yi kik ko ka kunna fitila, mitar za ta ƙone.

Jira minti 30 na'urorin mota su yi barci. Lafiyayyar mota ba ta wuce 0.05 ba. In ka ga 0.3 ko 0.8 ko 2, sai ka riƙa zare fiyus ɗaya-ɗaya kana kallo. Wanda ka zare lamba ta faɗi, layinsa ne ɓarawon yake. Ka ɗauki hoton akwatin da waya kafin ka fara, don kowanne ya koma gurbinsa.

Mafi yawan lokaci abin da aka ƙara wa mota ne daga baya: rediyo mai allo da aka jona kai-tsaye da batir, amfilifaya, na'urar bin sawu, ƙararrawar ɓarayi, ko cajar waya a soket da ba ya mutuwa. Fitilar but ma tana yi. Ƙwai mai wat 5 yana jan kusan amfiya 0.4, wato kusan amfiya 10 a kwana ɗaya, ya ishi tsohon batir. Kunna bidiyo a wayarka, ajiye ta a but, rufe, ka buɗe ka kalla ko fitilar ta mutu. In ka zare fiyus duka lamba ba ta sauka ba, cire batir, kwance ƙatuwar wayar bayan altaneto, naɗe bakinta da tef, ka sake aunawa. In ta sauka, dayod ne ke barin wuta na komawa baya. Irin wannan altaneto yana iya nuna 14 da rana, da dare ya zuƙe abin da ya bayar. Kafin ka samu zuwa gareji, cire baƙin kai da dare zai sa ta tashi da safe.

In a kan hanya kake yanzu

Idan ka tabbata babu caji kuma bel yana nan, za ka iya kai kanka gari mafi kusa a kan batir kaɗai. A bar wayoyi a jone minti 20 zuwa 30, motar mai taimako na aiki, taka a kashe. Kashe AC, fanka, rediyo da cajar waya. Cikakken batir mai lafiya na iya ba ka rabin awa zuwa awa guda da rana, wanda aka ɗan ɗura wa caji a bakin hanya kuwa ƙasa da haka sosai. Bi hannun da za ka iya sauka gefe da sauƙi, kada ka kashe inji sai ka isa. Mota mai giyar hannu tana tashi da turi in akwai ɗan saura a batir da zai juya famfon mai, mai otomatik ba ta tashi da turi.

Da ka ga allura na rawa ko fitilun gargaɗi sun soma kamawa, sauka gefe tun inji na aiki. In ya mutu kana tafe, sitiyari zai yi nauyi, birki kuma taku ɗaya ko biyu ne suka rage masu taushi, saboda haka ka taka sau ɗaya ka riƙe, kada ka yi ta famfawa. Da dare kuwa, fitila da famfon mai za su cinye batir cikin ɗan lokaci, kuma tafiya babu fitila a babbar hanya kasada ce da ranka da na wasu. Nemi gidan mai ko wurin da jama'a suke, ka sa alamar tsayawa a bayan mota, ka cire baƙin kan batir don ɗan abin da ya rage ya kai safe, ka kira mai wayarin ka ce ya taho da mita da batir mai caji.